Ƙungiyoyin Masu Sikila: Wa Ke Ciyar da Su, Wa Suke Yi wa Magana?

Ranar 19 ga Yuni ta zo ta wuce, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2008 domin cutar sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini. Kamar kullum, an yi tattaki, an raba riguna da huluna, an ɗauki hotunan yara masu jajayen idanu an baza a Facebook tare da lambar asusun banki. Jama'a da dama sun ɗauka duk wanda ya ɗaga kyalle a wannan rana mai kare haƙƙin majinyata ne. Ba haka ba ne, kuma wannan kuskure yana cin kuɗin iyaye, wani lokaci har da lafiyar 'ya'yansu.

A Najeriya ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Inda buƙata ta kai haka, dole a samu na Allah, a samu 'yan ci da gumin marasa lafiya. Abubuwan farko kowa ya san su: rijista da hukumar CAC, ofis da za ka iya takawa ka je, asusu da sunan ƙungiya maimakon sunan shugabanta. Amma takardar rijista shaidar wanzuwa ce kawai. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce daga ina kuɗin ke fitowa.

A nan ne nake son a waiwayi wani tarihi da muka yi watsi da shi. A ranar 10 ga Disamba 1998, wasu masu fafutuka kan cuta mai karya garkuwar jiki a Afirka ta Kudu suka kafa ƙungiyar TAC, domin neman magani ga talaka. Ɗaya daga cikin jagororinta, Zackie Achmat, yana da hanyar samun maganin, amma ya ƙi sha na tsawon shekaru, ya ce sai an fara bayar da shi a asibitocin gwamnati. Ƙungiyar ta ɗora wa kanta doka cewa ba za ta karɓi kuɗin kamfanonin magunguna ba, haka kuma ba za ta karɓi na gwamnatin ƙasar ba. Wannan doka ce ta sakar mata baki. A 2001, kamfanonin magunguna 39 da suka kai gwamnati ƙara a Pretoria kan dokar sauƙaƙa farashi suka janye, bayan TAC ta shiga shari'ar ta kuma cika titi da jama'a. Daga nan sai ta juya kan gwamnatin kanta, har a 2002 Kotun Tsarin Mulki ta tilasta a bai wa masu juna biyu maganin nevirapine don kada jarirai su kamu. Da a ce ɗaya daga cikin ɓangarorin nan biyu ne ke biyan hayar ofishinta, da wane baki za ta kai shi kotu? Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Amurka ta ɗanɗana ɗaya gefen. Wani bincike da aka buga a 2017 ya duba manyan ƙungiyoyin majinyata 104, ya gano kashi 83 cikin ɗari suna karɓar kuɗi daga kamfanonin magunguna ko na kayan asibiti. Karɓar tallafi ba haramun ba ne, ɓoye shi ne abin tsoro. Ƙungiyar da ta ɓata rai don ka tambayi masu tallafa mata, ta riga ta ba ka amsa.

Sai kuma ka duba su wane ne ke zaune a kwamitin amintattu. Idan babu mai sikila ko uwar mai sikila ko ɗaya, sai matar wane da ƙanin wane, to gidauniyar suna ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka saurari abin da suke faɗa game da magani: ta gari za ta tura ka asibiti, ta yi maka bayanin hydroxyurea da gidan sauro da allurar rigakafi, ba za ta sayar maka da jarkar jiƙo da alkawarin canza jini daga SS zuwa AA ba. Kuma ba za ta wallafa hoton ɗanka yana murƙususu ba tare da yardarka ba.

A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin nau'in jini. Abin yabo ne. To amma wa ke bin diddigin ingancin ɗakunan gwajin? Wa ke matsa wa majalisa a fara gwada jarirai tun ranar haihuwa, a saukar da farashin magani? Wannan shi ne aikin ƙungiyar majinyata, kuma jami'an ma'aikatun lafiya su daina gayyatar masu yabonsu kaɗai zuwa taro.

Iyaye, kafin ku miƙa kuɗinku ko hoton ɗanku, ku nemi a nuna muku rahoton kuɗin bara da sunayen masu bayar da tallafi. Idan aka ce ku dawo gobe, ku riƙe abinku ku kai yaron asibiti.