Ƙasar noman Makarfi da ƙanƙarar ƙuryar duniya

Masu haƙar rijiya a Hunkuyi da Makarfi da ƙauyukan Ikara sun san cewa ƙasar nan hawa-hawa take. Daga sama akwai ƙasa mai laushi, wadda in ta bushe aka murza ta a hannu sai ta zama tamkar garin tuwo. Ana nutsawa kaɗan sai a tarar da jar marmara. Ƙarƙashinta akwai ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa, inda ruwa ke tsattsafowa. In aka wuce nan kuwa sai dutse tsantsa, wanda diga ke tartsatsin wuta a kansa.

Dutsen can na ƙasa shi ne mafi tsufa. Masana ilimin duwatsu sun ce yawancin irinsa ya ƙanƙame ne shekara wajen miliyan 600 da suka wuce, kuma danginsa ne ya leƙo waje ya zama dutsen Kufena a Zariya. Ba ya shan ruwa. Ruwan da ake samu yana cikin ruɓaɓɓen sashen ne da tsagogin dutsen, shi ya sa za a haƙa burtsatse a wannan unguwa ta yi ambaliya, a matsa gaba kaɗan a haƙa wata a tashi a tutar babu. Sau da yawa ba laifin mai haƙa ba ne, tsagar ce ba a dace da ita ba.

Abin mamakin yana can sama, a ƙasar da garma ke juyawa. Kaso mai yawa na wannan ƙasa mai laushi ba daga dutsen da take kwance a kansa ta fito ba. Iska ce ta kawo ta, ta shimfiɗa ta tun daga wajen Funtuwa har ƙasar Zazzau, kuma labarin zuwanta yana haɗe da wani yanki da manomin rake bai taɓa kawo shi a rai ba, wato Aktik, ƙuryar arewacin duniya.

Tsakiyar Aktik teku ce da ƙanƙara ta rufe, ƙasashen Rasha da Kanada da tsibirin Girinlan suna kewaye da ita. A can tsakiyarta rana kan yi wata shida ba ta faɗi ba, ta kuma yi wata shida ba ta fito ba. Shekara wajen 21,000 da suka wuce ƙanƙarar wannan yanki ta bunƙasa, ta malale kusan dukan Kanada da arewacin Turai, ta riƙe ruwa mai yawan da sai da tekunan duniya suka ja baya da mita kusan 120. Da arewacin duniya ya yi sanyi haka, damina ta raunana a Afirka ta Yamma. Hamadar Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, tuddan rairayi suka taso a arewacin Kano da Borno. Rairayi yana da nauyi, sai ya tsaya a can. Ƙura mai laushi ita ce ta ci gaba da tafiya, ta riƙa sauka a nan shekara bayan shekara. Masana suna danganta yawancin wannan shimfiɗa da irin waɗancan zamunna na bushewa.

Da ƙanƙarar ta narke damina ta dawo da ƙarfinta, har tafkin Chadi ya cika ya zama ƙaramar teku shekara wajen 7,000 da suka wuce. Busasshen gindin wancan tafki, kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, daga nan ne yawancin hazon hunturu ke tasowa a yau. Ƙurar da uwargida ke sharewa a kan tabarma a watan Janairu aikin nan ne bai tsaya ba, sai dai ya ragu ƙwarai.

Yanzu kuma abin ya juya. Tun daga 1979, lokacin da tauraron ɗan'adam ya fara auna ƙanƙarar tekun Aktik a kai a kai, yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin ɗumamar duniya baki ɗaya. A watan Satumban 2012 ƙanƙarar tekun ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. Abin da ya shafe mu shi ne ruwan da ke narkewa daga Girinlan yana kwarara cikin tekun Atlantika, inda zai iya sanyaya arewacinta. Daminarmu, wadda ke ba yankin Zariya milimita wajen 1,000 tsakanin Mayu da Oktoba, tana bin inda ɗumi ya fi yawa ne. Idan arewacin Atlantika ya yi sanyi fiye da kudancinta, ruwa kan noƙe ya tsaya kudu. Irin wannan yana cikin dalilan da masana suka bayar na farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawanmu ba su manta ba.

A ganina, tun kafin a kai ga Girinlan akwai abin da ya fi kusa. Wannan ƙasa mai laushi ba ta da kauri, kuma ba ta jure duka. In ruwan farko ya same ta tsirara, an kwashe kara an ƙone sauran, sai samanta ya daskare ya yi fako, ruwa ya kasa shiga, ya kwashe ta zuwa kwari. Fadamun da ke ba Makarfi da Kudan rake da mazarƙwaila, suke ba Ikara tumatir, suna cikewa da abin da aka yi asara a tudu. Inda marmara ta riga ta fito fili, buhun takin zamani ba ya mayar da gona.

Malaman gona na ƙananan hukumomin Makarfi da Kudan da Ikara su riƙa nuna wa manoma yin kunya a gicciyen gangare, da barin kara a gona, da zuba takin gargajiya. Manomi kuma, in ya ga jan tsakuwa ta fara bayyana a gonarsa, kada ya jira wata daminar.