Waƙar da Berry Gordy Ya Ƙi Sau Biyu

Waƙar "I Heard It Through the Grapevine" ta fito ne daga Motown, kamfanin waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka da Berry Gordy ya kafa a birnin Detroit a 1959. Norman Whitfield da Barrett Strong ne suka rubuta ta a 1966. Jigonta kishi ne: masoyi ya tsinci labari a bakin duniya cewa wadda yake so tana shirin komawa wurin tsohon saurayinta, abin da ya fi ƙona masa rai kuwa shi ne ba daga bakinta ya ji ba.

A wancan zamani Motown na zama duk ranar Juma'a don tantance waƙoƙin da za a kai kasuwa, kuma wuƙa da nama suna hannun Gordy. Ƙungiyar Miracles ta Smokey Robinson ce ta fara naɗar waƙar a 1966, Gordy ya ce ba ta yi ba. Whitfield, da yake mutum ne mai naci, ya sake ɗaukarta da Marvin Gaye a farkon 1967. Ya sassauta kiɗan, ya sa ganga na bugawa a hankali kamar zuciyar mai fargaba, ya haɗa makaɗan kamfanin da ake kira Funk Brothers da masu gogen Detroit Symphony Orchestra, 'yan matan Andantes suna amshi. Sannan da gangan ya ɗora waƙar sama da inda muryar Gaye ta saba zama, ta yadda sai ya yi yunƙuri kafin ya kai. Wannan ƙuncin da ake ji a maƙogwaronsa shi ne ran waƙar. Duk da haka Gordy ya sake cewa a'a, aka jefa ta ma'ajiya.

Whitfield ya koma kan Gladys Knight da ƙungiyarta ta Pips. A lokacin "Respect" ta Aretha Franklin ce ke tashe, sai ya ƙara wa kiɗan sauri da zafi irin na waƙoƙin coci, aka juya baitocin suka koma bakin mace. A nan babu mai kuka a ɓoye. Mace ce ta tsare namiji tana neman bayani. An saki faifan a Satumbar 1967, ya kai matsayi na 2 a jadawalin Billboard.

Ta Marvin Gaye ba ta ga rana ba sai a Agustan 1968, da aka cusa ta cikin kundinsa mai suna In the Groove. Masu gabatar da shirye-shirye a rediyo, musamman na tashar WVON ta Chicago, suka tsame ta daga kundin suka yi ta sakawa, masu sauraro kuma suna ta neman a maimaita. Dole Gordy ya sauko, aka fitar da ita a faifanta a Oktoba. Daga Disambar 1968 ta yi mako 7 a matsayi na 1 a Amurka, ta hau na 1 a Birtaniya a 1969, ta kuma zarce duk wani faifan da Motown ta taɓa sayarwa kafin nan. Kundin ma sai da aka sauya masa suna zuwa na waƙar.

Daga nan ta zama ta kowa. Creedence Clearwater Revival sun ja ta har minti 11 a kundinsu Cosmo's Factory na 1970, yawancinsa jita ce ke magana. The Slits ta Ingila ta yi tata a 1979, Roger Troutman kuma a 1981.

'Yan talla ma sun ci moriyarta. Tallar wandon Levi's ta 1985 a Birtaniya ta sa aka sake fitar da faifan Gaye, ya shiga sahun goman farko a 1986, shekara biyu bayan mahaifinsa ya harbe shi a Los Angeles. A shekarar ce kuma manoman zabibi na California suka sa 'yan tsanar yumɓu suna rawa da ita a talabijin. A 1998 aka shigar da naɗin Marvin Gaye cikin taskar girmamawa ta Grammy.