Yau ta tashi, gobe ta ƙi: abin da ya kamata a duba kafin a sayi sabon demarer

Masu tsofaffin motoci a Maraɗi sun san wannan ciwo. Da safe a unguwar Sabon Gari mota ta tashi da murɗa makulli ɗaya. Da rana an je Tibiri gaisuwa, an fito za a koma gida, an murɗa makulli sai "ƙas", shiru. Yara sun tura, ta tashi. Washegari an kai ta gareji, a gaban makaniki ta tashi sau biyar a jere. Daga nan ake fara ɓarnar kuɗi: wani ya ce a canza batir, wani ya ce a sayi sabon demarer, wato abin da makanikan Katsina da Kano ke kira kik. Sau da yawa ana sayen duka biyun, bayan mako guda matsalar ta dawo, domin ba a nan take ba.

Demarer ƙaramin injin lantarki ne da ke juya babban injin mota har ya kama da kansa. An fara sa shi a motar Cadillac a Amurka a 1912, kafin nan da hannu ake juya inji. Idan aka murɗa makulli, wata 'yar wuta kaɗan na zuwa ga wani maganaɗisu da ke bisa demarer, ana ce masa solenoyid. Shi ke yin aiki biyu lokaci guda: ya tura ƙaramin haƙorin nan da ake kira bandis ya shiga cikin haƙoran babban faifan inji, sa'annan ya haɗa babbar wutar batir da demarer. Wannan wuta ba ƙarama ba ce. A ƙaramar mota mai shan fetur irin Starlet ko Corolla takan wuce amper 100, a mota mai gazuwal kuwa ta ninka hakan. Shi ya sa ɗan datti ko sako-sako da ba zai hana fitila kamawa ba yake iya hana mota tashi.

Yanayinmu ma na ƙara wa abin. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir, yana rage masa kwana. Ƙurar hunturu na shiga cikin demarer ta haɗu da man da ke ɗiga daga inji ta zama kwaɓa. Da damina, hanyoyin gefen Gulbi da na lambunan Jiratawa na watsa ruwa da laka a ƙarƙashin mota, wayoyi su yi tsatsa. Ga shi yawancin motocin da ke yawo a gari sun yi shekaru a Turai kafin su iso nan.

Abu na farko shi ne saurare. Ranar da motar ta ƙi tashi, a kunna fitilun gaba, a murɗa makulli, a lura. Idan aka ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri kuma fitilu suka dushe, wuta ce ba ta isa ba: ko batir ya yi rauni, ko kawunansa ba su kama da kyau ba. Idan "ƙas" ɗaya aka ji, fitilu na nan da haskensu, to solenoyid ya motsa amma wuta ba ta ratsa ba, laifin na cikin demarer. Idan ba a ji komai ba, umarnin makulli ne bai isa ba, sai a duba fis, da rele, da gidan makullin kansa. A mota mai canza giya da kanta, a gwada tayar da ita a N maimakon P. In ta tashi, ɗan makunnin da ke jikin giya ne ya gaji. Idan kuwa demarer na juyi shi kaɗai "wiii", ko yana ƙarar gugar ƙarfe, bandis ne ko haƙoran faifan inji suka cinye.

Abu na biyu, a fara da mai araha. A girgiza kawunan batir da hannu. In ɗaya ya juya, an kusa gano ɓarawon. Farin garin nan ko kore da ke taruwa a kansu yana tare wuta. A kwance na baƙar waya tukuna, sa'annan na ja, a wanke da ruwan ɗumi da bikarbonat, a goge har ƙarfen ya yi haske, a mayar da na ja, a ƙare da na baƙa, a ɗaure sosai. Kada a manta da wayar mas, wadda ke haɗa batir da jikin mota da inji. Ita ce aka fi mantawa, kuma takan ruɓe daga ciki alhali robarta na nan lafiya.

Abu na uku, a auna, kada a yi canke. Mai gyaran wutar mota na ƙwarai yana da mitar awon wuta. Batir cikakke, bayan mota ta huta, yana nuna kusan bolt 12,6. In ya nuna 12,2 rabi ne. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9,6 ba. Idan inji na aiki, a ga tsakanin 13,5 da 14,5. Ƙasa da haka alternater ne ba ya caji, kuma ko sabon batir aka sa kwana kaɗan zai yi ya mutu. Haka kuma a auna tsakanin kan batir da kan demarer yayin tayarwa: in wutar da ke ɓacewa a hanya ta wuce rabin bolt, waya ce za a canza.

Sai an wuce waɗannan ake sauke demarer. A cikinsa akwai wasu ƙananan gawayi da makanikai ke kira sharbo, su ke isar da wuta ga sandar da ke juyawa. Idan suka cinye, wani lokaci su taɓa, wani lokaci su ƙi. Wannan ne dalilin da ya sa ɗan bugu da sanda a jikin demarer ke tayar da mota: girgizar ce ke mayar da su wurinsu. Dabarar isa gida ce kawai, kuma bugu da ƙarfi na fasa maganaɗisun da ke ciki. A tsofaffin Toyota, abin da ya fi yawan cinyewa shi ne 'yan faifan jan ƙarfe da ke cikin solenoyid, waɗanda wuta ke ƙonawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka tayar. Ana canza su, ana canza sharbo da bandis, a wanke, a mayar, kuɗin bai kai na sabon demarer ba. Motar da ke tashi da sanyin safiya ta ƙi bayan doguwar tafiya ma sau da yawa nan ne: zafi na ƙara wa wuta wahalar ratsa wurin da ya riga ya gaji.

Akwai abubuwan kiyayewa. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15. A bari ya huta kamar minti ɗaya, in ba haka ba wayoyin cikin demarer su ƙone. Masu haɗa kawunan demarer da sukudireba su sani, in mota na cikin giya za ta zabura ta taka wanda ke gabanta, kuma tartsatsi kusa da batir ko fetur na iya tayar da gobara. Mota mai canza giya da kanta kuwa ba ta tashi da turi, don haka mai irinta ba shi da wannan mafita in dare ya yi masa a hanyar Ɗan Isa.

Abin da zai fi taimakon makaniki shi ne bayanin mai mota. A riƙe: da sanyi ta ƙi ko da zafi, wace ƙara aka ji, fitilu sun dushe ko a'a. A ɗauki ƙarar da wayar hannu in da hali. Idan aka ce a sayi wani abu, a tambaya: "Malam, me ka auna, me mita ta nuna?" In an canza kaya, a karɓi tsohon a gani da ido. Kuma daga ranar da mota ta fara yin "ƙas" na farko a kai ta, domin ranar da za ta ƙi gaba ɗaya na iya zama daren da ake gaggawar kai mai naƙuda asibiti.