Abin da ƙwan saniya ke koya wa likitoci game da cikin ɗan Adam

'Yan'uwa mazauna kudu, musamman masu harkar shanu a Oko-Oba ta Agege da Lokpanta, kun san wasu 'yan ƙwallaye biyu masu girman goro da ke gefen mahaifar saniya, waɗanda ba a ko cinikinsu in an feɗe. Su ne ma'ajiyar ƙwai. A Turai da Amurka masu bincike har kwata suke zuwa su karɓe su da ɗuminsu. Sai su zuƙo ƙwan da allura, su haɗa shi da maniyyin bijimi a ɗakin gwaji, su zuba ido su ga yadda ɗan tayi ke soma ginuwa.

To me ya sa saniya, alhali da ɓera aka saba gwaji? Ɓera na haihuwa cikin kimanin kwana 20, 'ya'ya rututu. Saniya kuwa wata tara take yi, galibi ɗa guda, kamar mace. Kamannin ya fi haka ma. Bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi, ƙwayar halitta ɗaya kan rabu biyu, huɗu, takwas. Da farko da guzurin da uwa ta zuba a cikin ƙwan ake tafiya, kafin ɗan tayin ya karɓi ragamar kansa. A ɓera tun ana ƙwayoyi 2 yake karɓa, a mutum tsakanin 4 da 8, a saniya tsakanin 8 da 16. Ka ga ta fi ɓera kusa da mu.

Ga kuma batun samu. Ƙwan mace ba ya samuwa da sauƙi, kuma dokar Ingila ta hana a raini ɗan tayin mutum a ɗakin gwaji fiye da kwana 14. Na saniya kuwa kullum akwai shi a kwata. A 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririyar farko da aka haɗa cikinta a wajen mahaifa. A 1981 aka samu maraƙin farko ta wannan hanya a Amurka. Tun daga nan likitocin mata da na dabbobi ke ƙaruwa da juna.

Amma fa kama da wane ba ta wane ba ce. Ɗan tayin mutum yakan nutsa cikin bangon mahaifa wajen mako ɗaya. Na saniya sai ya miƙe kamar zare, ba ya mannewa sai kusan mako uku. Saboda haka a makon farko ne saniya ta fi amfani wajen kwatance.

Mu nan Minna, da duk mai kiwo, ga inda abin ya shafe mu. In aka yi wa karsana barbara ta sake neman bijimi bayan kwana 21, mukan ce ba ta ɗauka ba. Sau da yawa ta ɗauka, ɗan tayin ne ya mutu tun ido bai iya ganinsa. Zafin rana da yunwa na cikin masu jawo hakan. Don haka a ba ta inuwa, ruwa da abinci a makonnin nan, kada a kora ta doguwar tafiya. Mai son ƙarin bayani kan inganta iri, cibiyar NAPRI da ke Shika, Zariya, aikinta ke nan.

Sannan kafin a loda mace a tirela zuwa kudu, a sa likitan dabbobi ya duba ko tana da ciki. Yanka mai ciki asarar kai biyu ce a kuɗin ɗaya.