Hawan jinin ido: Yana karanta takarda, amma fuskar mutane na kuɓuce masa

A ma'aikatun gwamnati, da wuya a yi wa wanda ya wuce babba bai gaishe shi ba uzuri. Nan take za a ce girman kai ne ko raini. Sai dai likitocin ido sun san wani dalili da ba kasafai ake kawo shi a rai ba: cutar gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido.

Cutar tana lalata jijiyar da ke kai saƙon gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, galibi idan ruwan cikin ido ya kasa fita yadda ya kamata, matsinsa ya ƙaru. Nau'in da ya fi yawa a Afirka ba ya zuwa da zafi. Yakan fara cin gani daga gefe, ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da ke kewaye, ɗaya idon kuma ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Rubutu baƙi ne a kan fari, don haka mai cutar kan daɗe yana karanta wasiƙun ofis. Fuska kuwa ana gane ta ne da 'yan bambance-bambancen haske da inuwa a kewayen ido, hanci da kumatu, kuma ƙarfin tantance su na raguwa yayin da jijiyar ke mutuwa. Masu bincike a Jami'ar City da ke Landan sun gano cewa waɗanda cutar ta yi nisa a kansu, har ta kusanci tsakiyar gani, sun fi takwarorinsu kuskure a gwajin gane fuska.

Lamarin ya fi tsananta idan mutum ya fito daga rana ya shiga barandar da ba ta da haske sosai, ko a cikin taro. Sai ya koma dogaro da murya, tafiya ko hula. Ga hadimin da aikinsa tarbar baƙin maigida ne, wannan ba ƙaramar barazana ba ce.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan kashi 5 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama suna da cutar, akasarinsu ba su sani ba. Ita ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido, kuma ganin da ta cinye ba ya dawowa.

Karanta allon haruffa a shagon tabarau bai isa shaida ba. Sai an auna matsin ido, an duba jijiyar, an gwada faɗin gani, kamar yadda ake yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa. Maganin ɗigawa, hasken leza ko tiyata na iya tsare ganin da ya rage. Wanda ya kai shekara 40, musamman idan akwai cutar a danginsa, bai kamata ya jira sai ya fara wuce abokan aikinsa ba.