Darasin Lissafi: Babban Adadi Ba Abin Tsoro Ba Ne

Ku ɗauko allo da alli, yau za mu kama wani babban adadi mu dudduba shi.

A ƙidayar jama'a ta shekarar 2012, an samu mutum 372 473 a gundumar Dogondutsi, an samu 270 016 a gundumar Tibiri. In an haɗa su, mutanen Arewa ke nan: 642 489.

Da farko, yaya ake karanta shi? Ku faro daga dama, ku ware lambobi uku, ku bar ɗan fili. Abin da ke hagun filin dubbai ne. Sai mu ce: dubu ɗari shidda da arba'in da biyu, da ɗari huɗu da tamanin da tara.

To, cika ne ko mara? Ba sai kun wahala ba, ku dubi wutsiyarsa. In ya ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ne, mutum biyu za su raba shi ba saura. Namu ya ƙare da 9, don haka mara ne. Na Tibiri cika ne, na Dutsi mara.

Wutsiyar kuma ita ke faɗin ko adadi yana rabuwa gida biyar: sai ya ƙare da 0 ko 5. Ku riƙe wannan da kyau, don nan kuɗinku yake. A takarda da tamma ake rubuta kuɗi, mu kuwa da dala muke ciniki, dala ɗaya tamma biyar. In an rubuta maka 1 500 a takardar sayen wake, dala ɗari uku ce, wato jikka ɗaya da rabi. In ka ga 1 503, tsaya ka tambaya, don ba ta cika dala ba. Na sha ganin dattijo ya dangwala yatsa a takarda, sai ya isa gida a lissafa masa.

Rabawa gida uku ita ce mai daɗi. Nan wutsiya ba ta taimako. Sai a tara lambobin duka: 6 da 4 da 2 da 4 da 8 da 9, sun ba da 33. Tun da 33 yana rabuwa gida uku, babban ma yana rabuwa: kowane kashi 214 163. Gida tara fa? Dabarar ɗaya ce, amma 33 ba ya rabuwa gida tara, don haka babban ma ba ya rabuwa.

Aikin gida: mutanen jihar Dosso duka a wannan ƙidaya 2 037 713 ne. Ku karanta shi da ƙarfi, ku gwada shi da biyu, da uku, da biyar, ku kai wa malamin ajinku amsa.