Saƙar Kwarashi: Yadda Ake Fitar Da Tauraro A Fallen Bargo

  

Yau gaisuwarmu ta musamman ta tafi ga matan Maska da kewayenta, daga Funtua zuwa Bakori har Malumfashi. Batun da za mu tattauna shi ne fallen bargo mai kusurwa huɗu, wanda ake fitar da tauraro a tsakiyarsa, tauraron ya taso har in kin shafa ki ji tudunsa a hannu. Mata da yawa sun gwada shi sun bari. Wata fallenta ya lanƙwashe kamar ƙoƙo, wata kuma ta saƙa fallaye goma, da ta zo haɗawa babu biyu da suka yi daidai. Ga kuɗin zare, wataƙila ma na adashi ne, ya tafi a banza. To, maganin wannan duka abu ɗaya ne: ƙirga. Wadda ta riƙe lissafi ta riƙe tauraro.

Aikin zare ba baƙo ba ne a wannan yanki. Maska tsohon gari ne da aka daɗe da saninsa da noman auduga da saƙa da rini, kuma sarautar Sarkin Maska ce hakimin Funtua ke riƙe da ita. Kakanninmu mata daga cikin ɗaki suke gurzar auduga, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari, a kai wa masaƙa. Da jirgin ƙasa ya ratsa Funtua daga Zariya, layin ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka kuma kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, sai auduga ta riƙa tafiya kasuwannin nesa, kaɗi ya yi ta ja baya. Shi kuwa kwarashi daga Turai ya zo mana, sunan ma asalinsa Faransanci ne, ma'anarsa ƙaramar ƙugiya. A ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, da wannan 'yar ƙugiya mata da yawa suka ciyar da gidajensu. Kin ga ke nan ba abin rainawa ba ce.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwarashi mai kaurin milimita 4, zare matsakaicin kauri launi biyu, almakashi, basilla, da ɗan kwali. Launin tauraro ya zama mai haske, kamar fari ko ruwan ƙwai, na bango kuma mai duhu, kamar shuɗi ko ruwan toka, don tauraron ya fito sosai. In za ki aiki maigida ko yaro kasuwar Funtua, ki yanko ɗan guntun zaren da kike so ki ba shi ya tafi da shi, kuma a sayo duk abin da zai ishi bargon a lokaci guda. Launi ɗaya ne a ido, amma in rini ya bambanta, ranar da kika shimfiɗa bargon a haske za ki ga wani gefe ya fi wani.

Kafin mu shiga, mu daidaita sunaye, domin kowace malama da yadda take kiran nata. Duk inda na ce ido, ina nufin saƙa guda ɗaya, wato gurbin da ake soka kwarashi. Zarge shi ne zaren da ke rataye a wuyan kwarashi. Sarƙa kowa ya san ta. Zame kuwa shi ne ki soka, ki jawo zare ya wuce ta cikin idon da zargen a tashi ɗaya, da shi ake rufe zagaye. Sauran guda huɗu ne, tsawo ne ya raba su. Gajere: ki soka, ki jawo, zarge ya zama 2, ki naɗa zare ki fitar da su tare. Matsakaici: ki fara naɗa zare sau ɗaya, ki soka, ki jawo, zarge ya zama 3, ki fitar da su gaba ɗaya. Dogo: kamar matsakaici yake farawa, amma bibbiyu za ki fitar da su, sau biyu. Babban dogo: naɗi biyu, zarge 4, a fitar bibbiyu sau uku. Yauwa. Mai biro ta ɗauko, marar biro ta sa ɗiyarta 'yar makaranta ta rubuta mata lambobin.

Zagaye na 1, da zaren tauraro. Ki yi sarƙa 5, ki rufe da zame ya zama zobe. Ki hau da sarƙa 3, wannan sarƙar ita ce dogonki na farko, kar ki manta da ita a lissafi. Ki ƙara dogo 11 a cikin zoben, ki rufe a kan sarƙar. Ido 12 ke nan.

Zagaye na 2. Dogo biyu a kowane ido. Ki ƙirga, dole ki sami 24. In kin sami 23 ko 25, ki warware tun yanzu, domin tun ran gini ake zane, kuma a kan wannan 24 ɗin komai zai zauna.

Zagaye na 3 shi ne tsinin tauraro, kuma nan ne sirrin tudun yake, sai ki saurara da kyau. Ki dubi saman kowane ido, za ki ga zare biyu kwance a jere, ɗaya na wajenki, ɗaya na baya. A wannan zagaye na wajenki kaɗai za ki riƙa kamawa, ki bar na baya, yana da aikinsa. Ki yi sarƙa 5. Ki tsallake wadda ke manne da kwarashi, ki yi gajere a ta biyu, matsakaici a ta uku, dogo a ta huɗu, babban dogo a ta biyar. Kin ga abin ya fara da siriri ya ƙare da faɗi, tsini ya fito. Sai ki tsallake ido 2 na da'irar, ki yi zame a zaren gaba na ido na uku. Ki maimaita. Kowane tsini yana cin ido 3, in kin raba 24 gida uku-uku, tsini 8 za ki samu. Ki yanke zare, ki bar jela kamar tsawon yatsa biyu.

Me ya sa takwas, alhali tauraron da muka saba gani a zane mai tsini biyar ne? Dalili shi ne falle kusurwa huɗu gare shi da gefe huɗu. Takwas tana rabuwa daidai, tsini huɗu su nufi kusurwa, huɗu su nufi tsakiyar gefe. Biyar ba ta rabuwa haka, shi ya sa take wahalar da mai koyo.

Zagaye na 4, da zaren bango. Ki kwanto da tsinin zuwa wajenki, za ki ga zaren bayan nan 24 da kika bari suna jere. A cikinsu za ki saƙa: dogo 2 a ido ɗaya, dogo 1 a na gaba, haka har ki zagayo. Ido 36.

Zagaye na 5. Dogo 2 a ido ɗaya, sannan ɗaiɗai a ido biyu na gaba. Ido 48. Ki lura, 12 muke ƙarawa kowane zagaye: 12, 24, 36, 48. Wannan ƙarin ne ke sa da'ira ta kwanta kamar faifai.

Zagaye na 6, na ɗaure tsini. Ki shimfiɗa aikin a cinya, ki miƙe tsini ɗaya ki ga idon da bakinsa ya sauka a kai ba tare da kin ja shi ba. Daga nan za ki fara. Ki soka kwarashi ta bakin tsinin, ki wuce cikin idon bango, ki yi gajere ya haɗe su. Ki yi gajere 5 a bango kawai, na shida ki kama tsini na gaba. Ido na nan 48, ba ƙari. Yanzu tauraro ya zauna a kan bango, bakinsa a ɗaure, cikinsa a tashe.

Zagaye na 7, inda da'ira ke komawa mai kusurwa huɗu. Ki fara a idon da kika ɗaure tsini. A cikin wannan ido ɗaya ki yi babban dogo 2, sarƙa 2, babban dogo 2, kusurwa ke nan. Sai ido 11 na gefe: dogo 2, matsakaici 2, gajere 3, matsakaici 2, dogo 2. Ido na 12 kusurwa ce kuma. Hikimar ita ce, da'ira ta kumbura a tsakiyar gefe, ta yi nisa da kusurwa, don haka ake sa gajeru inda ta kumbura, dogaye inda ta gaza. Ga abin da za ki gane kin yi daidai: gajeren tsakiya cikin ukun nan zai faɗa kan wani tsini. In bai faɗa ba, lissafi ya kuɓuce a baya.

Zagaye na 8, na ƙarshe. Dogo a kowane ido, a ramin kusurwa kuma dogo 2, sarƙa 2, dogo 2. Kowane gefe ya tashi da ido 19. Falle ya kammala, faɗinsa zai kai kimanin santimita 15 zuwa 17, gwargwadon hannun mai saƙa da kaurin zare.

To, in falle ya yi ƙoƙo fa? Ko dai ido ya gaza, ko kina matse zare da yawa. Ki ƙirga tukuna, in lissafi ya cika, ki saki hannu ko ki ɗauki kwarashi mai ɗan kauri. In kuma bakinsa ya yi ta tattarewa kamar leɓen siket, ido ya yi yawa ko hannu ya yi sako-sako. Sau da yawa ɓarnar tana faruwa ne a wurin rufe zagaye, inda ake ɗaukar zame a matsayin ido a saƙa a kansa. Ki ɗaura ɗan zare mai wani launi a idon farko na kowane zagaye, ba za ki ɓata ba. Kuma uwargida, in yaro ya yi kuka ko tukunya ta kira, ki ƙarasa gefen da kike kai kafin ki ajiye.

Fallen farko da ya yi kyau, ki ɗora shi a kan kwali ki zana, ki yanke. Wannan kwalin shi ne alƙalinki, duk fallen da kika gama ki gwada shi a kai. Hannun mutum yana canzawa, saƙar safe daban da ta dare bayan an gaji. In ku biyu ne ke aikin, ke da abokiyar zama ko ɗiyarki, kwali ɗaya za ku yi amfani da shi, kowa ta daidaita hannunta.

Bargon jariri yana cin falle 30, biyar a faɗi, shida a tsawo. Ki haɗa su da basilla da zaren bango, ido da ido, 19 na wannan da 19 na wancan, kusurwa da kusurwa. Ki fara haɗa layi-layi, sannan ki haɗa layukan, ki zagaye bakin duka da gajere layi biyu. Jelar zare kuwa kar ki ƙulle ki yanke a gindi, wanki biyu zai kwance. Ki zura ta a basilla, ki bi da ita ta cikin saƙar ta baya, ki juyo, sannan ki yanke.

Akwai jan kunne guda da ba zan bari ba. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa zaren roba ne. Ki gwada da ɗan guntu a bakin murhu, a tsakar gida: auduga tana ƙonewa ta bar toka mai laushi, ulun gashin tunkiya yana warin ƙonannen gashi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Ki tuna yadda hunturun Funtua yake a watan Disamba da Janairu, lokacin da ake shiga ɗaki da kaskon wuta. Zaren roba in ya kama, narkewa zai yi ya manne a fata. Don Allah a nisanta bargon da garwashi da fitilar kananzir, kar kuma a rufe fuskar jariri da shi. Ki gaya wa duk wadda ta saya. Wankinsa da ruwan sanyi ne, ba a murɗe shi, a shimfiɗa shi a tabarma cikin inuwa, kuma ba ya son dutsen guga.

Saura lissafin ciniki, wanda shi ma ƙirga ne. Ki lura falle nawa dunƙulen zare ɗaya ya ba ki, daga nan za ki san dunƙule nawa bargo zai ci. Ki lura falle nawa kike gamawa a yini bayan girki da hidimar yara. In biyu ne, fallaye 30 kwana 15 ke nan, ban da haɗi. Ki tara kuɗin zare, da la'adar dillaliya, da ladan kwanakinki, sannan ki yanka farashi. Mata da yawa kuɗin zare kawai suke cirewa su ɗora ɗan abu kaɗan, su ce sun ci riba, alhali wahalarsu suka bayar kyauta. Ki kuma fara tun da damina, domin bargo ya kammala da kaka, lokacin da aka sayar da masara da waken soya da auduga, kuɗi ya shigo hannu, ga bukukuwa, ga sanyi na ƙwanƙwasa ƙofa. Guntayen zaren da suka rage kuwa kar a zubar, kowane zai iya zama tauraro mai launinsa.

Aikin wannan mako, falle ɗaya tak. Ki saƙa, ki ƙirga, in bai yi ba ki warware ki sake, zare ba ya fushi. Lambobin su ne 12, 24, tsini 8, 36, 48, gefe 19. Allah Ya sa albarka a abin da hannuwanmu ke yi, Ya rufa mana asiri. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu, inda za mu duba yadda ake ƙawata bakin bargo. A gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.